Yadda Ake Sa Manhajar Rubutu Ta Bi Ƙa'idojin Aikin Haɗin Gwiwa

Idan mutane da yawa suka haɗu suna gina manhaja guda, sukan amince da ƙa'idojin rubutu, wato dokokin da ke fayyace yadda za a jera umarnin kwamfuta a shafi. Ƙa'idojin nan sun sha bamban: jagorar PEP 8 ta harshen Python, wadda aka fitar a 2001, ta nemi a bar gurbi huɗu a farkon layin da aka matsar ciki, alhali masu gina ƙwayar Linux suna amfani da maɓallin Tab mai faɗin gurbi takwas.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa saɓani ita ce a ajiye ɗan ƙaramin fayil mai suna .editorconfig a babbar jakar aikin, wanda manhajar rubutu ke karantawa da zarar an buɗe fayil, ta kuma fifita shi a kan zaɓin mai kwamfutar. A ciki ake ƙayyade faɗin gurbi, da alamar ƙarshen layi, domin ta Windows ba ɗaya take da ta Linux ba, da kuma tsarin haruffa na UTF-8, wanda ke kiyaye ƙ da ɗ da ɓ daga rikiɗewa. Amfaninsa ya fi bayyana wajen bita, inda gyaran layi ɗaya ba ya ɓacewa cikin ɗaruruwan layukan da gurbinsu kawai ya sauya.

Daga cikin manhajojin rubutu, IntelliJ IDEA na gane fayil ɗin .editorconfig kai tsaye, amma Visual Studio Code sai an ƙara masa ƙaramar manhaja.