Kafin a Ɗora Manhaja: Shirin da Ke Hana Saƙo Ɓacewa a Hanya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tsamaye, da Sabon Birnin Gobir, da Isa, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a jihar Maraɗi da muryarmu ke kai wa gare su. Yau za mu leƙa wani aiki ne da ido ba ya gani, wato shirin da injiniyoyin kwamfuta ke yi wa na'ura kafin su ɗora mata manhajar da ke haɗa rumbun bayanai da layin saƙonni. Na san wani dattijo zai ce, me ya haɗa manomin gero da wannan batu? Baba, a ɗan yi mini haƙuri, maganar ta taɓa aljihunka, ta kuma taɓa ƙuri'arka.

Ga mai POS a bakin kasuwar Sabon Birni. Ya zura katinka, ka danna lambobin sirri, na'ura ta yi ta juyi. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta sama yana farautar sabis. Can sai wayarka ta yi ƙara, alat ya shigo, an cire kuɗi. Amma 'yar takardar da ta fito ta ce ciniki bai yiwu ba. Ya dube ka, ka dube shi, ya ce kuɗi sun fita amma ba su shigo ba, sai dai a jira su dawo. Abubuwan da ke jawo haka suna da yawa, amma tushensu guda ne: wani ɓangare ya rubuta a littafinsa cewa an gama, labarin kuwa bai isa ɗaya ɓangaren ba.

Littafin nan shi ne rumbun bayanai. A cikinsa banki ke rubuta abin da kowa ya mallaka, asibiti ke rubuta sunan mara lafiya, hukuma ke rubuta masu rajista. Cikin manyan kamfanonin da ke ƙera irin wannan rumbu akwai Oracle na Amurka, wanda aka kafa a 1977. Shi kuwa layin saƙonni, aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tashar mota. Ka kawo saƙon da za a kai Sakkwato, motar ba ta cika ba, ko ma ba ta zo ba. Ba sai ka zauna jira ba; ka damƙa masa, ya ajiye a rumfa, ka koma harkarka, in mota ta tashi ya sa a ciki, bi da bi, wanda ya riga kawowa shi ne a gaba. Kamfanin IBM ya fito da irin wannan manhaja a 1993 da sunan MQSeries, yau ana kiranta IBM MQ, kuma bankuna da yawa a duniya a kanta suka dogara. Daga baya wasu sun biyo, irin su RabbitMQ da Kafka.

To, rumbun na wani kamfani ne, layin na wani kamfani ne daban, kowa da yarensa. Manhajar mashiga ita ke shiga tsakani, ta ba rumbu damar ajiye saƙo a layi ko ɗauko shi. Ɗora ta ba ya ɗaukar dogon lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne shirin da ake yi kafin nan, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa.

Kashin farko na shirin ba wani abin mamaki ba ne, zan wuce shi da sauri. Injiniya zai duba ko babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, Linux ce ko Windows, tana cikin waɗanda kamfani ya amince da su. Zai auna ƙwaƙwalwar na'ura da filin da ya rage a ma'ajiya. Zai ɗauki kwafin duk abin da ke rumbu ya adana a wani wuri daban, ya kuma gwada cewa kwafin yana buɗuwa, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba bai cancanci a dogara da shi ba. Zai buɗe asusu na musamman ga kowace manhaja: a Linux, ta Oracle tana aiki ne da asusunta, ta IBM da nata mai suna mqm, kowanne da iyakar ikonsa, don kada ɓarnar ɗaya ta shafi ɗaya. Sai ƙofofi. Bisa al'ada rumbun Oracle yana sauraro ta ƙofa mai lamba 1521, layin IBM kuma ta 1414. In katangar tsaron ofis ta toshe ɗaya daga cikinsu, za a gama ɗora komai lafiya lau, amma ko saƙo guda ba zai wuce ba. Sannan a daidaita agogon na'urorin biyu, domin ranar da rigima ta tashi kan kuɗin wani, da lokaci ake bin sawu.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin da littafin kamfani bai damu da shi ba. Zafin bazara a Sakkwato yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, wuta kuwa kun san halinta. Wanda ya ajiye uwar garke, wato babbar na'urar da ke ɗauke da rumbu, a ɗaki babu sanyi, babu batir, babu sola, bai fara shiri ba tukuna.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Layin IBM MQ yana zuwa daga kamfani da wasu saituna, kuma in ba ka taɓa su ba, haka za su zauna. Biyu daga ciki suna da haɗari a wurinmu.

Na farko, saƙo iri biyu ne: akwai wanda ake rubutawa a faifai don ya tsira ko na'ura ta mutu, akwai wanda ba a ba wannan kariya ba. Saitin kamfani na sabon layi yana kan na biyun ne. Ma'ana, in manhajar da ke aikowa ba ta ce a adana ba, kuma injiniya bai sauya saitin ba, da zarar wuta ta ɗauke na'ura ta sake tashi, saƙonnin da ke jira sun tafi ke nan. A inda wuta ba ta ƙiftawa, ana iya shekara ba a gane ba. A nan kuwa, mako ɗaya ya isa.

Na biyu, sabon layi yana ɗaukar saƙo 5,000 ne, in ya cika sai ya fara ƙin karɓa. Wanda ya zaɓi wannan adadi bai yi tunanin abin da muka gani a watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Maƙwabciyarmu Zamfara ta riga mu shiga wannan hali a farkon watan. Ba katsewar awa ɗaya ba ce, an kwashe makonni. Mutanen bakin iyaka sun tuna yadda aka koma lalubar sabis ɗin Nijar don a ji muryar 'yan uwa. To ka ƙaddara ofishin da ke tura saƙo 1,000 a rana: a kwana 5 layi ya cika. A rana ta shida, rajistar jaririn da aka yi wa rigakafi ko kuɗin da ɗan ci-rani ya turo ina za su? Saboda haka tambayar da ta kamata injiniya ya yi kafin ya taɓa na'ura ita ce, kwana nawa wannan wuri zai iya yi babu sadarwa? Da amsar zai auna zurfin layi da girman faifai. Ya kuma tanadi wani layi na gefe, inda saƙon da ya rasa mai karɓa zai faɗa, a kuma ɗora wa wani mutum takamaimai alhakin leƙa shi kullum.

Kada a ce wannan ciwon ƙauye ne kawai. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Legas sai da suka ji a jikinsu.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, batun haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Kowace na'ura tana da tsarin da take ajiye haruffa. In rumbu yana kan wani tsohon tsari da aka yi don harsunan Turai, layi kuma yana kan wani, sunan Ɗanladi ko Ƙasimu zai shiga lafiya ya fito da alamar tambaya a goshi. Maganin sananne ne: a sa kowane ɓangare a kan tsarin UTF-8, wanda Oracle ke kira AL32UTF8, IBM kuma ke ba lamba 1208. Amma tun farko ake zaɓarsa. Sauya shi bayan rumbu ya cika babban aiki ne. Mutum ya yi tafiya mai hatsari daga Tsamaye zuwa birni, a ce masa sunansa bai dace da na takarda ba, alhali laifin na wanda bai gwada harafi uku ba ne. Wannan rashin adalci ne, kuma ana iya kauce masa.

(Ɗan kiɗa)

Wanda ke ganin na cika tsanani, ya tuna ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu, 2023. Manhajojin da aka yi aiki da su ran nan ba waɗanda muke magana a kansu ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne. Na'urar BVAS za ta ɗauki hoton takardar sakamako a rumfar zaɓe ta tura shafin IReV na hukumar INEC. Na 'yan majalisar tarayya suna shiga, na shugaban ƙasa kuwa suka ƙi. A rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, ta ce kuskuren saiti ne: an tsara rumbun yana jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa Najeriya ce baki ɗaya, ba ya ƙarƙashin wata jiha, sai uwar garke ta rasa inda za ta ajiye shi, ta yi ta mayar da shi. Tsarin ya yi aiki a zaɓukan gwamna na Ekiti da Osun a 2022, amma waɗannan duk na jiha ne. Hukumar ta ce sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta shugaban ƙasa ta shiga, sannan tarin da ke jira a layi ya taso gaba ɗaya.

Har gobe akwai waɗanda ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma ba aikin wannan shiri ba ne ya yanke hukunci. Amma ko da mun karɓe shi yadda aka faɗa, abin da yake nunawa shi ne ba a gwada saƙo mafi muhimmanci ba kafin ranar da ake buƙatarsa. Gyaran ya ɗauki sa'o'i, zargin da ya haifar kuwa ya kai har Kotun Ƙoli.

Don haka gwaji na ƙarshe, a ganina, shi ne zuciyar shirin duka. A kafa na'urar gwaji daban da ta aiki. A tura kowane irin saƙo da za a tura a zahiri, babba da ƙarami, mai ɗauke da sunayen Hausa. Ana cikin turawa a zare wayar intanet. A mayar, a sake turawa, a kashe wuta. In komai ya dawo a ƙirga: abin da rumbu ya ce ya aika, shi ne ya isa? Babu wanda ya ɓace, babu wanda ya shiga sau biyu? Domin cire wa mutum kuɗi sau biyu bai fi ɓatan saƙo sauƙi ba.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomi, da manajojin ƙananan bankuna, da jami'an lafiya da ke sa hannu a takardar kwangila: ranka ya daɗe, ba sai ka iya kwamfuta ba. Kafin ka biya, ka ce a zare waya a kashe wuta a gabanka, a nuna maka saƙonnin sun isa cif. Ku kuma matasanmu na Gobir da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu, ku riƙe wannan fanni da kyau, domin kun san zafin wurin nan da katsewar sabis ɗinsa fiye da duk wanda za a ɗauko daga nesa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, a huta lafiya.