Idan faifan kwamfuta ya fara ƙwas-ƙwas

A Gangara, cikin gundumar Gazawa, wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi galibi Maraɗi yake dosa. Ba na'urar ce ke hana shi barci ba, abin da ke cikinta ne: lissafin bashin ɗan kasuwa, ko jerin sunayen da ma'aikaci ya shekara yana bugawa.

Ƙwararren mai gyara da kunne yake farawa. In faifan ajiya ya yi tsit, sau da yawa kuran ne ya ƙona allon lantarkinsa. Ana musanya allon, amma sai an ciro ɗan guntun da ke riƙe da saitin faifan an maida shi kan sabon. In kuwa yana ƙwas-ƙwas, galibi allurar karatu ce ta lalace, bisa faifan da ke juyi 5400 ko 7200 cikin minti guda. Kowace kunnawa na iya ƙara karce, gara a kashe shi nan take. Buɗe shi a rumfar kasuwa, cikin ƙurar hunturu, ganganci ne.

Faifan da ke karantuwa kuma, kafin komi, akan kwafe shi ɗungum da ddrescue, sannan a yi tonon bayanai bisa kwafin.