Nehemiya, Shugaba Mai Hangen Nesa

Bari mu duba Littafin Nehemiya, sura 1 zuwa 6. Nehemiya mai shayarwa ne na Sarki Artashate a Shushan. Da ya ji garun Urushalima a rushe yake, bai ruga wurin sarki ba. Wajen wata huɗu ya yi yana addu'a, yana kuma lissafi. Ranar da sarki ya tambaye shi bukatarsa, amsa tana bakinsa: lokacin da zai komo, wasiƙu zuwa ga gwamnonin hanya, da takarda zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki, domin katako. Katako fa! Tun bai bar fada ba ya riga ya tuna da ƙofofi.

Da ya isa, sai bayan kwana uku ya zaga garun da dare, bai gaya wa kowa nufinsa ba tukuna. A nan dattawan ikilisiya da yawa suke tuntuɓe, sukan sanar da gini ranar Lahadi ba su san kuɗin bulo ba. Mutane da dama daura da gidajensu suka yi gini, gama wa zai yi wa garun ƙofarsa aikin ganin ido? Sa'ad da Sanballat ya shirya faɗa, rabin barorin Nehemiya suka riƙe makamai, rabi suna aiki. Cikin kwana 52 aka gama garun.