Injin matsa na gida: Yadda jak da ƙarfen mai walda za su ceci 'ya'yan itacen Taraba daga ruɓewa

Duk wanda ya saba bin hanyar Jalingo zuwa Wukari a lokacin aikin rogo ya san buhunan nan da ake jerawa a bakin titi, a ɗora musu katako, a sa jak ɗin mota ya danne su, farin ruwa yana tsiyaya ƙasa. Masu garin kwaki ne ke fitar da ruwan rogo kafin suya. Maƙera da masu walda na gari su suka haɗa musu abin matsar daga guntayen ƙarfe, ba tare da zanen injiniya ko tallafin wata hukuma ba.

Wannan injin, in an yi masa 'yan gyare-gyare, shi ne wanda manoman Ingila da Faransa da Amurka ke haɗawa a bayan gidajensu don matse ruwan tuffa. A Ingila akan bar ruwan ya tsima ya zama giya. A Amurka kuwa akwai wanda ake sha ɗanye, gardi, ba ya sa maye, kuma shi ne ya shafe mu a nan. A Yelwa, kamar sauran unguwannin Jalingo, ba a rasa mai waldar da zai iya haɗa firam ɗin irin wannan injin cikin kwanaki kaɗan. Abin da ya rage a koya shi ne irin ƙarfe da itacen da ya halatta su taɓa ruwan da mutum zai sha, da yadda za a hana ruwan lalacewa. Nan ne aikin ya shafi hukumomin da ke Abuja.

Wane ɗan itace za a matsa?

Tuffa 'yar ƙasar sanyi ce. A Jihar Taraba, wadda aka yanko daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, wurin da ya fi dacewa da ita shi ne tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna, mai tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, inda gonakin shayi na Kakara suke. Ana samun 'yan gonakin tuffa a can da kuma tsaunin Jos, sai dai abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan tuffar da ake tallata wa masu mota a titunan Abuja daga Afirka ta Kudu take zuwa. Ga nisa kuma: daga Gembu zuwa Jalingo tafiyar sa'o'i ce masu yawa ta Serti da Bali. Wanda ya sayi tuffa a kan farashin yau don ya matse ruwanta, asara ya saya.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ɗan itacen da ya fi kama da tuffa wajen matsa, kuma yake zube a ƙasa ba mai so, shi ne yazawa. Daga watan Fabrairu zuwa Mayu manomi yakan cire ƙwallon, wanda 'yan kasuwa ke fitarwa zuwa Indiya da Biyetnam, ya bar naman a gindin bishiya ga awaki da ƙudaje. Alhali naman ya ninka ƙwallon nauyi sau da yawa, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemo kusan sau biyar. A Jihar Piyawi ta arewa maso gabashin Barazil, daga wannan naman ake yin wani sanannen abin sha marar maye da suke kira kajuwina: a matse, a tace, a zuba a kwalba, a dafa kwalbar cikin ruwan zafi.

Abarba ma tana matsuwa sosai. Mangwaro kuwa ba ya yi, domin namansa kauri ne da shi, yakan toshe ƙyalle. Shi rariya yake so. Lemo sai an ɓare shi, in ba haka ba man ɓawon ya sa ruwan ɗaci. Rake kuma sai injin nadi, irin wanda masu mazarƙwaila na ƙasar Maƙarfi suka daɗe suna juyawa da doki.

Yadda ake haɗa shi

Injin kashi huɗu ne: firam, ganga, faifan dannawa da abin da ke kawo ƙarfi.

Firam shi ne ginshiƙai biyu da aka haɗa da ƙarfe mai kauri sama da ƙasa. Duk ƙarfin da jak ya fitar a kansa yake sauka, shi ya sa galibin injinan da ke karyewa daga walda ta kusurwa suke tsagewa, ko ƙarfen sama ya lanƙwashe. Mai walda da ya san aikinsa yakan ƙara ƙusoshi masu noti a kowace kusurwa.

Ganga ita ce mazubin niƙaƙƙen ɗan itacen. Ana yin ta da sandunan katako da aka jera a da'ira da 'yar tazara tsakaninsu, ko da ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka huhhuda. A ƙarƙashinta akwai tire mai ɗan indararo da ke kai ruwan cikin bokiti.

Abin da ke kawo ƙarfi ko dai dogon ƙarfe ne mai zare da ake murɗawa da hannu, ko jak mai aiki da mai. Na farko tsohuwar dabara ce tun zamanin Rumawa, waɗanda suka yi amfani da ita wajen matse inabi da zaitun. Na biyu ya samo asali ne daga injin matsa mai aiki da ruwa da wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya yi wa rajista a 1795. Akwai lissafin da ya kamata mai haɗawa ya riƙe. Jak mai ɗaukar tan 10, in ya danna faifai mai faɗin santimita 30, kowane murabba'in santimita zai sami nauyin kilo 14. In faɗin faifan ya kai santimita 40, sai nauyin ya sauko zuwa kilo 8. Ke nan wanda ya faɗaɗa ganga don ya matse da yawa a lokaci guda, ruwa mai yawa zai bari a cikin tuƙa.

Ba a matsa ɗan itace sukutum. Sai an fara daka shi a turmi ko an goge shi da magogi irin na rogo, sannan a naɗe shi cikin farin alawayyo mai tsabta. Ƙwararru sukan yi ƙunshi-ƙunshi marasa kauri, su jera su hawa-hawa da faifan katako a tsakani, don ruwan tsakiya ya sami hanyar fita. Ana danna jak a hankali, a jira ruwa ya tsagaita, a ƙara. Da injin gida mai kyau, kilo 10 na tuffa kan ba da lita 5 zuwa 7.

Darasin dalma

A ƙarni na 18, mutanen lardin Debon da ke kudu maso yammacin Ingila sun daɗe suna fama da wani matsanancin ciwon ciki, wanda kan kai ga shanyewar hannu, har da mutuwa. An yi ta ɗora laifin a kan tsamin ruwan tuffa. Sai a 1767 wani likita mai suna George Baker ya nuna cewa dalmar da ake liƙe injinan niƙa da na matsa da ita ce ke narkewa cikin ruwan. Mutanen Arewa ba sa buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma: a 2010 ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, duk da cewa a can daga dutsen zinare ta fito.

Ruwan 'ya'yan itace yana da tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. Saboda haka baƙin ƙarfe, da kwanon rufi, da jan ƙarfe, da duk abin da aka liƙe da dalma ko aka shafa wa fenti, wurinsu firam ne kawai, inda ruwa ba ya kaiwa. Tsohuwar gangar da aka taɓa zuba maganin feshi ko man inji ba ta wankuwa. Jak ma yakan yi yoyon mai, don haka dole a sa masa faranti a ƙasa wanda zai tare ɗigon.

Haka itace. Maɗaci sunansa ya isa gargaɗi. Madobiya tana zubar da jan launi, ban da cewa saran da aka yi mata a dazukan Taraba don kaiwa ƙasar Sin yana cikin abin da ya sa aka sanya ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu tun 2017. Katakon da aka jiƙa da maganin gara kuwa guba ne. Mafi aminci shi ne bin sawun masassaƙa: itacen da aka daɗe ana sassaƙa turmi da taɓarya da shi, irin ƙirya, ya riga ya ci jarrabawar abinci.

Bayan matsa

Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan sana'a daga zaɓen ɗan itace yake farawa. Ruɓaɓɓiyar tuffa tana ɗauke da gubar fumfuna da ake kira fatulin, wadda tafasa ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade ta a kan maikirogiram 50 cikin kowane kilo na ruwan tuffa. Wanda aka tsinta a ƙasa inda dabbobi ke kiwo yakan ɗauko ƙwayoyin cuta daga kashinsu. A 1996 ɗanyen ruwan tuffa na wani kamfani a Kalifoniya ya kwantar da mutane sama da 60, wata ƙaramar yarinya ta rasu, lamarin da ya sa Amurka ta tsaurara dokokinta a kan ruwan 'ya'yan itace. Don haka yazawar da za a matsa a bishiya ake tsinkarta, ko a shimfiɗa tamfol a gindin, a wanke ta, a matse a ranar.

Makakin yazawa, wanda ke shaƙe maƙogwaro, ana rage shi da ɗan sitacin rogo: a dama a zuba, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Daga nan a ɗora ruwan a wuta ya kai digiri 72 zuwa 75 a ma'aunin salshiyos, a zuba shi da zafinsa cikin kwalaben da aka tafasa, a toshe.

A zafin Jalingo na Maris da Afrilu, wanda kan kusanci digiri 40, ruwan da ba a dafa ba yakan fara kumfa cikin yini ɗaya ko biyu. Kumfar nan alama ce ta sukari ya fara rikiɗa zuwa barasa. Ga mai sayarwa da mai saye Musulmi, nan ne iyakar halal da haram, kuma wuta da kwalba mai tsabta su ne ke tsare ta. In aka bar shi ya wuce wannan mataki iska na shiga, sai ya koma ruwan khal, wanda ake sayo na tuffa daga waje da tsada.

Rabon Abuja a cikin aikin

Tun farkon shekarun 2000 ruwan 'ya'yan itace da aka ɗura a kwali ko kwalba yake cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su Najeriya. Manufar ita ce a raya gonakin gida. Abin da ya biyo baya shi ne manyan kamfanoni suka koma shigo da daskararren ruwan a ganguna suna sirka shi a nan, manomin yazawa da na abarba kuwa yana nan inda yake.

Ba cibiyoyi aka rasa ba. Akwai Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi tun 1956, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ibadan tun 1975, da Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa a Ilorin, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ga hukumar NASENI da aka kafa a 1992. Ƙera ƙananan injinan sarrafa amfanin gona yana cikin aikin da yawansu. A cikin jihar kanta akwai Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona a Jalingo, da Jami'ar Tarayya ta Wukari. Matsalar ita ce injin da aka nuna a rumfar baje koli ba kasafai yake isa shagon mai walda ba.

Abubuwa uku za su rage wannan tazara, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar hukuma. Na farko, zanen injin a takarda guda, da Hausa da Fulatanci da Turanci, mai nuna awo da kuma jerin abin da ba a yarda ya taɓa ruwa ba, wanda Hukumar SON za ta amince da shi a raba kyauta. Na biyu, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da hukumar SMEDAN su koya wa masu walda haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa, domin waldarsa daban ce da ta ƙofa da taga, kuma tsadarsa ce ke tura su ga tsofaffin ganguna. Na uku, NAFDAC, wadda tun 1993 rajistar abinci da abin sha ke hannunta, ta yawaita hanyar da ƙungiyar mata ko matasa za su yi tarayya a ɗakin sarrafawa guda da aka duba aka amince da shi, maimakon a ce kowa sai ya gina nasa.

Akwai kuma abin da ya shafi mai karatu kai tsaye. Ma'aikata da yawa suna da 'yar gona a gida wadda suke tanadi don ranar ritaya, wasu har sun dasa yazawa. Kafin kakarta ta zagayo a watan Fabrairu, yana da kyau mutum ya ƙiyasta buhu nawa na nama ke ruɓewa a gindin bishiyoyinsa, ya tambayi kuɗin jak da na tiren da ba ya tsatsa, sannan ya zauna da mai walda su auna faɗin ganga.