Tabon Ruwa a Jikin Fim: Matsalar Masu Wanke Hoto a Gida a Bauchi

Masu wanke fim ɗin hoto baƙi da fari a gida sukan kammala dukkan matakan aikin lafiya, amma idan fim ya bushe sai su tarar da farin tabo ko zirin layi a jikinsa, wanda ke fitowa ɓaro-ɓaro a kan hoton da aka buga. Wannan tabo ba daga kyamara yake ba, kuma da wuya ya kasance laifin magungunan wanki. Ragowar ma'adinai ne, musamman kalsiyam da magnesiyam, waɗanda ruwa ke bari a wurin da ɗigonsa ya ƙafe, kamar farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar shayi.

Fim yana da fuska biyu. Ɗaya dusasshiya ce, mai ɗauke da jelatin, wato wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, kuma a cikinsa ƙwayoyin azurfa da suka zama hoton suke; ɗayar kuwa bayan fim ce mai sheƙi, inda mafi yawan tabon yake zama.

A Bauchi matsalar ta haɗa ruwa da iska. Ruwan famfo yana zuwa ne daga madatsar Gubi, amma gidaje da dama sun dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, kuma ruwan da ya ratsa duwatsu yakan ɗauko ma'adinai gwargwadon inda ya fito. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu na kawo ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke mannewa a jiƙaƙƙen jelatin ta ƙi fita, yayin da bushewar iska ke ƙafar da ɗigon ruwa tun kafin ya gangaro.

Rigakafin yana ga ɗaurayar ƙarshe. Ana iya yin sauran wankin da ruwan gida da aka tace, kuma hanyar kamfanin Ilford, ta cika tankin wanki sau uku ana kifa shi sau 5, sannan 10, sannan 20, ta dace da garin da ake sayen ruwa da jarka. Amma ɗaurayar ƙarshe tana buƙatar ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ba shi da ma'adinai. Fiya wata bai cika wannan sharaɗi ba, tafasa ruwa kuma ragewa kawai yake yi. Mai sayen ruwan batir a matsayin irin wannan ruwa kuwa lallai ne ya tabbatar ba wanda aka gauraya da asid aka ba shi ba. A cikin wannan ruwa ake zuba maganin da ke hana ruwa dunƙulewa, irin su Photo-Flo 200 na Kodak ko Ilfotol, kashi 1 cikin 200, a jiƙa fim na kusan minti ɗaya ba tare da an tayar da kumfa ba. A nan ne sababbin hannu suka fi kuskure, domin sukan ƙara maganin da tunanin zai fi aiki, alhali yawansa shi kansa tabo mai maiƙo yake bari. Bayan haka sai a rataye fim a banɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka rufe tagoginsa, a maƙala masa abu mai ɗan nauyi a ƙasa, a kashe fanka. Tsane shi da matsi na roba, duk da saurinsa, ganganci ne a lokacin ƙura, saboda ƙwayar yashi guda tana iya jan karce daga hoton farko har na ƙarshe.

Idan tabon ya riga ya samu a bayan fim, yawanci hucin baki da tsumma mai laushi irin na goge tabarau sun wadatar, ko kuma ɗigon barasar goge-goge ta isopropyl marar ruwa sosai. Fuskar jelatin ba a goge ta. Sai dai a sake jiƙa fim a tataccen ruwa mai ɗumin digiri 20 na 'yan mintoci, a maimaita ɗaurayar. Akwai kuma tabon da ke faruwa idan ɗigo ya faɗa kan jelatin da ya fara bushewa har ya sauya masa siffa, wanda sau da yawa wanki ba ya fitar da shi, sai dai a ɗauki hoton zuwa kwamfuta a gyara wurin.