3.4 Hanyoyin Samo Masu Aikin Sa Kai da Riƙe Su a Gasar Mutum-mutumi ta FIRST

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ƙungiyar FIRST ta ƙasar Amurka take samo masu aikin sa kai, da dalilan da kan sa su bari, da kuma dabarun da ake bi don riƙe su. Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Dean Kamen, shi ne ya kafa ƙungiyar a shekarar 1989 a birnin Manchester na jihar New Hampshire. An yi gasar farko a shekarar 1992 a zauren wasanni na wata makarantar sakandare ta wannan birni, inda rukunoni 28 suka fafata. A shekarar 1998 kuma aka ƙaro gasar yara ƙanana tare da haɗin gwiwar kamfanin LEGO.

3.4.1 Rabe-raben Masu Aikin Sa Kai

Ana iya kasa masu aikin sa kai na wannan gasa gida biyu. Kashi na farko su ne masu horarwa, wato injiniyoyi da malamai da iyaye waɗanda kan zauna da rukuni guda tun daga watan Janairu, lokacin da ake bayyana wasan shekara, har zuwa ƙarshen kakar gasar. Kashi na biyu su ne ma'aikatan ranar gasa. Daga cikinsu akwai alƙalan fili, da masu tantance waɗanda suka cancanci kyaututtuka, da masu duba mutum-mutumi don tabbatar da nauyinsa da girmansa ba su saɓa ƙa'ida ba, da masu gyara fili bayan kowane zagaye. Da yake zagaye guda bai kai minti uku ba, kuma ana yin zagaye da dama a yini, rashin mutum biyu ko uku a bakin fili yana iya jawo tsaiko ga dukan jadawalin ranar.

3.4.2 Hanyoyin Samo Su

Hanya ta farko ita ce ta kamfanoni da hukumomi. Tun daga gasar 1992 an gina tsarin ne a kan haɗa makaranta da kamfani, kamar yadda kamfanin Xerox ya haɗu da wata makaranta a birnin Rochester. Daga baya hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta tallafa wa rukunoni masu yawa. Kamfani kan ba da kuɗi, ya kuma ba da ma'aikatansa, shi ma yana da riba domin cikin waɗannan yara ne zai sami injiniyoyin gobe.

Hanya ta biyu ita ce ta iyaye. Uba ko uwa kan fara da kai yara wurin aiki ko dafa musu abinci, sannu a hankali sai a damƙa musu riƙon kuɗi ko shirya tafiye-tafiye. Illar wannan hanya ita ce yawanci iyaye kan janye da zarar ɗansu ya gama makaranta.

Hanya ta uku ita ce ta tsofaffin ɗalibai. Waɗannan sun san dokokin wasa, ba sa bukatar doguwar horarwa, kuma suna jin akwai bashin da ya kamata su biya. Sai dai karatun jami'a da neman aiki kan raba su da garuruwansu.

3.4.3 Dalilan Barin Aiki

Babban dalili shi ne gajiya. Har zuwa shekarar 2019 mako shida kawai ake bai wa rukuni ya ƙera mutum-mutuminsa, sannan a rufe shi cikin jaka. An soke wannan doka daga kakar 2020. Sokewar ta rage gaggawa, amma ta buɗe ƙofar ci gaba da aiki har ranar gasa, wanda ke nufin ƙarin makonni ga mai horarwa da ke da iyali da aikin ofis. Dalili na biyu shi ne tara ayyuka a hannun mutum guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk rukunin da ya dogara ga malami ɗaya yana iya rushewa ranar da aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Dalili na uku shi ne yankewar al'ada, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka dakatar da gasar. Wanda ya saba zuwa kowace shekara, idan ya huta, dawo da shi sai an sake roƙo.

3.4.4 Dabarun Riƙe Su

Dabara ta farko ita ce karramawa. A shekarar 1996 aka ƙirƙiro kyautar Woodie Flowers, wadda aka sa wa sunan wani farfesa na jami'ar MIT da ya rasu a 2019. Ɗalibai ne da kansu ke rubuta bayanin yabon mai horar da su don a ba shi kyautar, kuma nan ne darajarta take. Farfesan ne ya kafa aƙidar gasar, wato a yi takara da ƙwarewa tare da mutunta abokin hamayya.

Dabara ta biyu ita ce matakalar ci gaba. Sabon shiga kan fara da gyaran fili, daga nan ya koma duba na'urori, har ya kai shugaban alƙalai bayan horarwa da jarrabawa. Dabara ta uku ita ce tsari bayyananne. Daga shekarar 2014 aka shigo da shirin kare yara, inda ake binciken tarihin manya masu aiki da ɗalibai a Amurka da Kanada, kuma aka wajabta wa kowane rukuni manyan masu horarwa biyu da aka tantance. Wannan ya ƙara wa sabon shiga ɗawainiya, amma ya kwantar da hankalin iyaye, ya kuma raba nauyi tsakanin mutum biyu.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa samo mai aikin sa kai ya fi riƙe shi sauƙi. Abin da ke kawo shi sau da yawa dangantaka ce, ta ɗa ko ta makaranta ko ta kamfani. Abin da ke zaunar da shi kuwa shi ne aikin da bai fi ƙarfinsa ba, da abokin raba nauyi, da godiya daga bakin yaran da ya yi wa hidima.