Gine-ginen Gandu a Ingila: Fasalinsu da Darajarsu

A ƙasar Ingila, manyan masu ƙasa na ƙarni na 18 da na 19 sun bar gidajen alfarma da mutane ke zuwa kallo har yau. Sai dai mai son sanin inda arzikin waɗannan gidaje ya fito, to ya zagaya bayansu ya dubi rumbuna da garken dabbobi. Alal misali, mu ɗauki gandun Holkham da ke yankin Norfolk.

Thomas Coke ya gaji wannan gandu a 1776. Wajen 1790 ya sa masanin zanen gini Samuel Wyatt ya tsara masa wani makeken rumbu na bulo. Coke ya riƙa tara manoma kowace shekara lokacin askin tumaki, domin su ga sababbin dabarun noma, har zuwa 1821.

Fasalin irin waɗannan gine-gine ya biyo tsarin noman ne. A Norfolk ana juya shuka kashi huɗu: alkama, sai wata saiwa mai suna tanif, sai sha'ir, sannan ciyawar kulofa, dangin wake, wadda ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Saiwar da ciyawar ke riƙe dabbobi a lokacin sanyi. Saboda haka ake jera rumbu da turakun shanu a kewayen fili guda: ƙaiƙayi da kara su fito daga rumbu zuwa wurin shanu, taki kuma ya taru a filin, a kwashe shi zuwa gona. Galibi filin yana fuskantar kudu, domin ta nan rana ke haskowa a ƙasarsu.

Shi kansa rumbun, akan yi masa manyan ƙofofi biyu masu kallon juna, da masussuka a tsakaninsu. Idan aka buɗe su, iska ta ratsa, sai ta kwashe ƙaiƙayi yayin shiƙa. Ƙananan kafofi a bango suna hana damman hatsi yin fumfuna. Ɗakin ajiyar tsaba kuwa, akan ɗora shi bisa duwatsu masu faffaɗan kai, don danshi da ɓera su kasa hawa. Ɗalibin da ya san rumbun ƙasar Hausa da ake ɗorawa a kan duwatsu zai gane hikimar nan take.

Injin sussuka da Andrew Meikle ya ƙera wajen 1786 ya fara rage aikin masussuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injin da ke girbi da sussuka a lokaci guda ya yaɗu, manyan motocin noma kuma suka fi ƙarfin tsofaffin ƙofofi. Rumbuna da yawa suka zama kango, wasu aka mayar da su gidajen kwana. Dokar tsara birane da karkara ta 1947 ta ƙarfafa rajistar gine-ginen tarihi, kuma wanda ya shiga rajistar ba a rushe shi ko a sauya shi sai da izini.

Darajarsu ita ce shaidar da suke ɗauke da ita. Faɗin ƙofa yana nuna girman amalanke, yawan turaku yana nuna yawan shanu, girman rumbu kuma yana nuna amfanin gona. Leburorin da suka yi aikin ba su bar rubutu mai yawa ba, don haka duk rumbun da ya rushe, ya tafi da wani yanki na tarihinsu.